FARFESA ABDUS SALAM: ƊAN CI-RANIN DA YA NEMI TUSHEN ƘARFI GUDA

Duk wanda ya taso daga Ikko ko Badun ko Fatakwal ya nufi gida Arewa ta hanyar Lokoja, in ya wuce Abaji ya doshi Gwagwalada, sai ya ratsa ƙasar Kwali. Galibin matafiya ba abin da suka sani game da Kwali sai tukwane, albarkacin marigayiya Ladi Kwali wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Amma a gefen wannan hanya, a Sheda, akwai wata ma'aikata ta Gwamnatin Tarayya da a ke kira Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Ba a saye ba a sayarwa a cikinta. Aikin mutanen ciki shi ne zama gaban allo suna lissafi, waɗansunsu kuwa lissafin da su ke yi na ilmin fiziks ne, watau binciken ƙa'idodin da halitta ke tafiya a kansu.

Wannan cibiya ta Abuja tana cikin jerin cibiyoyin wata hukumar kimiyya ta ƙasashe masu tasowa mai suna COMSATS, wadda aka kafa a Islamabad a 1994, Nijeriya kuma tana cikinta. Mutumin da ya kawo shawarar kafa hukumar shi ne Farfesa Abdus Salam na Pakistan, wanda ya rasu a 1996. Labarinsa ya dace da wanda ke neman abinci nesa da garinsu, domin shi ma ɗan ci-rani ne, ya yi fiye da shekara 40 a ƙasar mutane, kuma bai bar gida don son ransa ba.

An haifi Muhammad Abdus Salam ran 29 ga watan Janairu, 1926, a lardin Punjab, sa'ad da Indiya da Pakistan su ke ƙasa guda a hannun Ingilishi. A garin Jhang ya tashi, garin manoma mai zafi da ƙura, wanda a zamanin ƙuruciyarsa ko wutar lantarki babu. Ubansa, Chaudhry Muhammad Hussain, ƙaramin ma'aikacin ilmi ne, albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma ya sa wa yaron ido ƙwarai a kan karatu. Salam ya sha ba da labarin wani malaminsu da ya zo koya musu ire-iren ƙarfin da ke cikin halitta. Da ya gama bayanin nauyi, wanda kowa ya sani, sai ya shaida musu cewa lantarki kam sai an je Lahor, ƙarfin da ke cikin ƙwayar zarra kuwa sai Turai. Ashe a cikin yaran da ke zaune gabansa akwai wanda zai nuna wa duniya cewa na Lahor ɗin da ɗaya daga cikin na Turai ɗin abu guda ne.

A 1940, yana da shekara 14, ya ɗauki jarrabawar shiga Jami'ar Punjab, ya sami makin da ba a taɓa samu ba tun da aka fara jarrabawar. Ran da ya komo Jhang a kan kekensa, mutanen gari suka fito taryensa. Daga nan ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Lahor, ya ƙare digiri na biyu a lissafi a 1946. Burin ubansa shi ne ya zama babban jami'in mulki, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka dakatar da ɗaukar ma'aikata. Ana cikin haka sai aka ware waɗansu kuɗin da aka tara saboda yaƙi, aka ce a tura 'ya'yan ƙananan manoma karatu waje da su. Da wannan kuɗi Salam ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya sauka Kwalejin St John's ta Jami'ar Kembirij.

Can ya ci matsayi na farko a lissafi, ya kuma ci na farko a fiziks a 1949. Aikin ɗakin gwaji bai karɓe shi ba, domin shi ba mai haƙuri da na'ura ba ne, sai ya koma wajen masu aiki da alƙalami. A lokacin akwai wata matsala da ta addabi masana: in sun yi lissafin yadda ƙananan ƙwayoyin halitta ke cuɗanya da juna, sai amsa ta fito adadi marar iyaka, wanda ba shi da ma'ana. An sami maganin abin a fannin lantarki, saura fannin cibiyar ƙwayar zarra. Cikin 'yan watanni Salam ya warware ƙullin da ya rage, sunansa ya fita tun bai kai shekara 26 ba.

KOMAWA GIDA

A 1951 ya koma Lahor, ya kama koyarwa a tsohuwar kwalejinsa. Da ya tafi Indiya ce ƙasarsa, da ya komo kuwa Pakistan, domin an raba ƙasar a 1947. Nan ya ga abin da bai zata ba. Babu mujallun bincike na zamani, babu ko mutum ɗaya da za su tattauna aikinsa, hukumar kwalejin kuma ba ta ɗauki bincike a bakin kome ba. Ƙarin aikin da aka ba shi bayan koyarwa shi ne kula da 'yan ƙwallon ƙafa. Ilmi irin nasa kuwa kamar garwashi ne, in aka ware guda ɗaya daga murhu ba ya daɗewa sai ya zama toka.

Har ila yau akwai wata damuwa. Iyalin Salam 'yan Ahmadiyya ne, ƙungiyar da mazauna Ikko suka san masallatanta da makarantunta. Mafi yawan malaman Musulunci ba su yarda da aƙidarta ba game da cikar annabci, shi kuwa Salam har ya koma ga Mahaliccinsa yana salla yana karatun Alƙur'ani, yana kuma lissafa kansa cikin Musulmi. A 1953 tarzoma ta ɓarke a Lahor a kan 'yan wannan ƙungiya, aka yi asarar rayuka, har sai da aka sa dokar soja. A farkon 1954 ya tattara ya koma Kembirij. Daga baya ya sha faɗin cewa zaɓi biyu aka ajiye masa, ko ƙasarsa ko ilminsa, kuma wannan zaɓi ya tsaya masa a rai har tsufansa.

A 1957 aka naɗa shi farfesa a Kwalejin Imperial ta Landan, yana da shekara 31. Bayan shekara biyu aka zaɓe shi cikin Royal Society, babbar majalisar masana kimiyya ta Ingila.

ƘARFI HUƊU

Domin a gane aikinsa sai an san cewa masana sun bi diddigin duk wani ja da turi da ke cikin halitta, suka tarar iri huɗu ne kawai. Na farko nauyi, wanda ke kayar da mangwaro daga bishiya. Na biyu ƙarfin lantarki da mayen ƙarfe. Sauran biyun a cikin cibiyar ƙwayar zarra su ke: mai tsanani, wanda ke ɗaure cibiyar kada ta watse, da rarrauna, wanda ke sauya wata ƙwaya ta zama wata. Kada sunan na ƙarshen ya ruɗi mai karatu, domin in babu shi rana ba za ta kama ci ba, shi ne ke buɗe matakin farko na wutar da ke cikinta.

A dā an ɗauka sun fi huɗu. Isaac Newton ne ya nuna a 1687 cewa abin da ke kayar da 'ya'yan itace shi ne ke riƙe da wata a kan hanyarsa. James Clerk Maxwell kuma, a shekarun 1860, ya nuna cewa walƙiya da mayen ƙarfe da haske duk 'yan ɗaki ɗaya ne, daga wannan bincike aka sami rediyo. To, tun da an taɓa haɗa biyu suka zama ɗaya har sau biyu, me zai hana huɗun nan su ma su kasance rassan bishiya guda? Albert Einstein ya ƙarar da shekara 30 na ƙarshen rayuwarsa yana neman wannan ƙa'ida guda, ya rasu a 1955 bai same ta ba.

Salam ya fara da rarraunan ƙarfi. A 1956, a wani taro a birnin Seattle na Amurka, ya ji shawarar waɗansu masana biyu 'yan asalin Sin, Lee da Yang, cewa mai yiwuwa wannan ƙarfi yana bambanta hagu da dama, abin da a lokacin a ke ganin ba zai yiwu ba. A cikin jirgin sama kan hanyar komowa ya kwana yana lissafi, ya gano cewa in wata ƙwaya mai suna niyutirino ba ta da nauyi, to bahaguwa ce, gefe guda kaɗai ta ke juyawa. Ya aika wa Wolfgang Pauli, wani babban malami mai kaifin harshe, shi kuwa ya kushe abin. Salam ya yi sanyi, ya jinkirta. A farkon 1957 gwaji ya tabbatar da cewa lalle halitta tana bambanta hagu da dama. Tun daga ran nan bai sāke jiran yardar wani babba ba kafin ya buga abin da ya gano. Wannan hali ya amfane shi, ya kuma jawo masa, gama a cikin ɗaruruwan takardun da ya buga akwai da yawa da ba su je ko'ina ba.

A ido babu abin da ya haɗa lantarki da rarraunan ƙarfi. Na farko yana kaiwa ko'ina, hasken tauraro na isowa daga nisan da hankali ba ya ɗauka, na biyu kuwa bai wuce cibiyar ƙwayar zarra ba. Amma kowane ƙarfi yana da ɗan aike, watau ƙwayar da ke kai saƙonsa. Ɗan aiken lantarki shi ne ƙwayar haske, ba ya ɗauke da kaya, saboda haka ba ya gajiya. In kuwa 'yan aiken rarraunan ƙarfi 'yan dako ne masu nauyin kaya, ba mamaki su kasa nisa. Abin da Salam da abokin aikinsa John Ward suka yi ta bi ke nan har zuwa 1964, Sheldon Glashow kuma ya bi irin wannan hanya a 1961. Saura a san inda 'yan dakon suka samo nauyinsu. Steven Weinberg a 1967, da Salam a 1968, kowa ta hanyarsa, suka ɗauko dabarar Peter Higgs da waɗansu suka cike giɓin. Bayaninsu shi ne, a farkon halitta, sa'ad da zafi ya kai matuƙa, ƙarfin nan biyu abu guda ne. Da duniya ta huce sai suka rabu, kamar yadda madara guda ke rabuwa ta ba da man shanu gefe, tsala gefe.

Da fari ba wanda ya kula. Sai a 1971 wani saurayi ɗan Holan, Gerard 't Hooft, ya tabbatar da cewa lissafin ba ya fitar da amsoshin banza. A 1973 kuma aka ga alamar farko a cibiyar bincike ta CERN da ke Jeniba. A 1979 aka ba Glashow da Salam da Weinberg kyautar Nobel. Salam ya shiga zauren bikin a Istokholm da rawani da doguwar riga da takalma masu lanƙwasasshen baki irin na Punjab, a tsakiyar masu baƙar kwat. Kuɗin da ya samu ya zuba su a asusun taimakon matasa masu karatun kimiyya. A 1983 aka kama 'yan dakon da kansu a CERN, waɗanda a ke kira W da Z, aka tarar kowannensu ya fi furoton nauyi fiye da sau 80, daidai da abin da lissafi ya nuna. Akwai dai masanan da suka yi ƙorafin cewa takardar Weinberg ta riga, ta Salam kuwa a littafin jawaban taro ta fito, amma kwamitin Nobel ya duba aikin shekara da shekaru ne. Wani abin lura kuma, Salam yana ganin neman ƙarfi guda ya dace da tauhidin da ya tashi a ciki, Weinberg kuwa bai yarda da addini ba sam, duk da haka lissafi ya kai su wuri guda.

GIDAN BAƘI A TRIESTE

Duk wannan lokaci ciwon Lahor bai bar shi ba. A 1960 ya tsaya gaban taron Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya a Biyana, a matsayin wakilin Pakistan, ya nemi a kafa cibiya inda masanan ƙasashe matalauta za su riƙa zuwa suna gogayya da takwarorinsu. Wakilan manyan ƙasashe suka yi ta jan ƙafa, a ganinsu mai fama da yunwa ba ruwansa da irin wannan ilmi. Shekara huɗu yana fama. Daga bisani gwamnatin Italiya ta ɗauki mafi yawan nauyin, da taimakon wani farfesa ɗan ƙasar, Paolo Budinich, aka buɗe cibiyar a birnin Trieste a 1964. Salam ya shugabance ta kusan shekara 30.

Dabarar da ya shigo da ita mai sauƙi ce, kuma duk ɗan ci-rani zai gane ta. Malamin jami'a daga Zariya ko Dakka ko Lima zai zo Trieste ya yi 'yan watanni, cibiya ta biya masa kuɗin jirgi da masauki, ya karanta sababbin mujallu, ya yi muhawara da manya, sa'an nan ya koma bakin aikinsa. Sharaɗin shi ne ya ci gaba da zama a ƙasarsa. Watau ci-rani na gaskiya, irin wanda a ke komowa gida kafin damina, ba irin nasa da ya zama ƙaura ba. Dubban masana ke ratsa cibiyar kowace shekara, 'yan Nijeriya kuwa suna da yawa a cikinsu. A 1981 Jami'ar Maiduguri ta ba shi digirin girmamawa. A 1983 ya kafa majalisar masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, TWAS, a Trieste ɗin dai.

Ta wajen gida kuwa, tun 1961 shi ne babban mai ba shugaban Pakistan shawara kan kimiyya, da hannunsa aka kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar. Amma a watan Satumba na 1974 majalisar dokokin Pakistan ta gyara tsarin mulki, ta fitar da 'yan Ahmadiyya daga lissafin Musulmi. Salam ya ajiye muƙaminsa. Duk da haka bai sāke fasfo ba, da na Pakistan ya yi ta yawo har ƙarshen ransa. A 1987, da ya nemi shugabancin UNESCO bayan Amadou Mahtar M'Bow na Senegal, ƙasarsa ba ta tsayar da shi ba, wani ta tsayar.

TABARMA A NAƊE

Haɗa biyu cikin huɗu bai ishe shi ba. A 1973 da 1974, shi da Jogesh Pati, wani masani ɗan Indiya, suka fito da tsarin da zai shigo da ƙarfi mai tsanani cikin haɗin. Daga irin wannan tsari aka sami wani hasashe mai ban tsoro, cewa furoton, tubalin da aka gina jikin mutum da duwatsu da taurari da shi, ba mai dawwama ba ne, wata rana zai rushe. Saura nauyi, wanda ya gagari kowa. A nan ne Salam ya koma ga wata tsohuwar shawara da aka yi watsi da ita.

Kowane magini ya san awo uku: tsawo da faɗi da zurfi. Da su a ke auna ɗaki ko rijiya ko akwati. Daga baya aka ƙara lokaci ya zama awo na huɗu, Einstein kuma ya nuna a 1915 cewa nauyi ba igiya ba ce da ke jawo abu, lanƙwasar sarari da lokaci ce. A 1919 wani malamin lissafi Bajamushe marar suna, Theodor Kaluza, ya aika wa Einstein takarda. Ya ce ya gwada rubuta lissafin nauyi a duniya mai awo biyar maimakon huɗu, sai ga lissafin lantarki na Maxwell ya fito da kansa daga ciki, ba wanda ya sa shi. Ma'ana, mai yiwuwa lantarki nauyi ne da ke aiki ta wani awo da ba a gani. Einstein ya riƙe takardar shekara biyu yana juya ta, sai a 1921 aka buga.

To, ina awo na biyar ɗin ya ke? Amsa ta zo daga Oskar Klein na Suwidin a 1926, shekarar da aka haifi Salam. Mai gadi in gari ya waye ya kan naɗe tabarmarsa ya jingine. Tabarma a shimfiɗe tana da tsawo da faɗi. In an naɗe ta tamau, wanda ya hango daga ƙarshen layi zai ce sanda ce, tsawo kaɗai gare ta. Faɗin bai ɓace ba, yana nan a naɗe, tururuwa ma na iya zagaya shi. Klein ya ce haka awo na biyar ya ke, a naɗe a kowane gurbi na sarari, sai dai ƙanƙantarsa ta wuce misali: a raba santimita ɗaya kashi-kashi har adadin da a ke rubutawa da 1 da sifiri 30 a bayansa, a ɗauki kashi guda. Shawara ce mai kyau, amma da aka gano ƙarfi biyu na cibiyar ƙwayar zarra, waɗanda ba ta san da su ba, sai aka ajiye ta kusan shekara 50.

Salam na cikin waɗanda suka kakkaɓe mata ƙura. A 1974, shi da John Strathdee, abokin aikinsa na Trieste, suka ƙirƙiro wani irin sarari mai ƙarin awo waɗanda ba a aunawa da lambobin kasuwa. A lissafin da kowa ya sani, 3 sau 4 daidai ya ke da 4 sau 3. A waɗannan sababbin lambobi kuwa, in an juya su sai amsa ta juye, riba ta koma bashi, in kuma an ninka lamba da kanta sai a sami sifiri. Abin kamar wasa, amma da shi aka sami hanya mai sauƙi ta rubuta ƙa'idar da ke ƙulla zumunci tsakanin ƙwayoyin da ke gina abu da ƙwayoyin da ke kai saƙon ƙarfi. Har yau masana na aiki da wannan kayan aiki.

A 1978 aka gano cewa irin wannan ƙa'ida, in an haɗa ta da nauyi, ba ta wuce awo 11 ba, waɗansu masana uku a Faris kuma suka rubuta ta a awo 11 ɗin. Sai murna ta tashi: huɗu a shimfiɗe, bakwai a naɗe, kuma yadda aka naɗe bakwai ɗin shi zai haifar da sauran ƙarfi. Salam da Strathdee suka buga dogon bincike kan hanyar Kaluza da Klein a 1982. Amma sai aka ci karo da dutse, dutsen kuwa tsohon sanin Salam ne. Duk yadda aka naɗe awo bakwai ɗin sumul, duniyar da ke fitowa ba ta bambanta hagu da dama, alhali tun 1957 an san tamu tana bambantawa. A 1984 shi da Ergin Sezgin, wani matashi ɗan Turkiyya, suka gwada awo shida, biyu a dunƙule kamar ƙwallo, suka sami duniya mai awo huɗu shimfiɗaɗɗiya wadda ta san hagu da dama. Ba ita ce cikakkiyar amsa ba, amma har yanzu ana komawa gare ta.

A wannan shekara ta 1984 Michael Green da John Schwarz suka farfaɗo da wata hanya dabam, wadda ke cewa ƙwayoyin halitta ba ɗigo-ɗigo ba ne, 'yan tsirkiyoyi ne masu kaɗawa. Kukuma tsirkiya ɗaya gare ta, amma muryoyi da yawa ke fita daga cikinta, to haka kowace ƙwaya murya ce ta tsirkiya guda. Lissafin wannan hanya ba ya tsayawa sai a awo 10. Salam, yana dab da shekara 60, ya rungume ta kamar sabon ɗalibi, ya buɗe mata ƙofar Trieste, aka riƙa shirya darussa a kanta domin matasan Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. A cibiyar ne kuma, a 1987, Sezgin da Eric Bergshoeff da Paul Townsend suka nuna cewa in an sa fata mai kaɗawa irin ta ganga a madadin tsirkiya, awo 11 ne gidanta. A 1995 Edward Witten na Amurka ya kawo hujjojin cewa ƙa'idodin tsirkiya guda biyar da a ke da su, da waccan ta awo 11, fuskoki ne na abu guda.

Sa'ad da wannan labari ya zo, Salam ya riga ya kwanta. Tun ƙarshen shekarun 1980 wata cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta kama shi, ta fara da tafiyarsa, ta sa shi a keken marasa lafiya, daga baya ta taɓa maganarsa. Ya sauka daga shugabancin cibiyar, ya koma Oksfod, inda matarsa ta biyu, Farfesa Louise Johnson, ke koyarwa. Nan ya rasu ran 21 ga watan Nuwamba, 1996, yana da shekara 70. Aka kai gawarsa Pakistan kamar yadda ya yi wasiyya, aka binne shi a Rabwah kusa da iyayensa, dubban mutane suka halarta. A kan dutsen kabarin an rubuta cewa shi ne Musulmi na farko da ya sami kyautar Nobel saboda aikin kimiyya. Daga baya hukuma ta sa aka goge kalmar Musulmi, rubutun da ya rage ya koma yana nuna shi ne mutum na farko da ya taɓa samun kyautar, alhali tun 1901 a ke bayar da ita. A 1997 aka sa wa cibiyar Trieste sunansa.

Rabin aikinsa ya tabbata. A 2012 aka gano ƙwayar Higgs a CERN, watau yanki na ƙarshe da ya rage a haɗin lantarki da rarraunan ƙarfi. Ɗaya rabin kuwa yana nan a rataye. Babbar na'urar CERN, mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, ba ta ga alamar wani awo a naɗe ba, ba ta kuma ga ƙwayoyin da ƙa'idar zumuncin nan ta yi hasashe ba. Akwai masanan da ke ganin an ɓata shekaru a kan lissafin da ba a iya gwadawa, akwai masu cewa naɗin ne ya yi ƙanƙanta ƙwarai, na'urar ba ta kai ba. Ba wanda ya isa ya yanke hukunci tukuna.

Abin da ya fi saurin ba da 'ya'ya shi ne gidan baƙin. Farfesa Aderemi Kuku ya yi shekaru yana aiki a Trieste, daga baya ya zama babban farfesa a Cibiyar Lissafi ta Sheda. Farfesa Charles Chidume shi ma ya daɗe yana koyar da matasan ƙasashe masu tasowa a can, sa'an nan ya komo Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Galadimawa a Abuja, wadda aka kafa a 2007, inda a ke koyar da lissafi da fiziks ga ɗalibai daga ƙasashen Afirka dabam-dabam. Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya, ɗalibansu ne ke riƙe da alli yanzu.

Game da furoton kuwa, a ƙasar Japan akwai wani tanki mai suna Super-Kamiokande, a cikin dutse, zurfin mita 1,000, cike da tataccen ruwa tan 50,000. An kewaye cikinsa da dubban idanun lantarki, suna jiran ɗan walƙiyar da zai nuna furoton guda ya rushe. A watan Afrilu na 1996 aka kunna shi, wata bakwai kafin rasuwar Salam. Har yanzu bai ga ko ɗaya ba. Abin da ya tabbatar dai shi ne, in furoton na rushewa ta hanyar da aka fi zato, to matsakaicin ransa ya wuce shekarun da a ke rubutawa da 1 da sifiri 34 a bayansa.